Makauniyar Bindiga

Ban taɓa ganin mutanen da suka iya gardamar bindiga kamar tsofaffin unguwarmu ba, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da doka ta yarda ya ajiye ko harsashi guda. Baƙo a Jidda, ko da a nan aka yanke masa cibi kamar ni, bindiga ba tasa ba ce. Ta 'yan ƙasa ce, su ma sai da takarda. Amma kullum bayan la'asar, a gindin katangar masallacinmu na Ammariyya, za a baje tabarma, a kawo shayi, a hau musu a kan wace bindiga ta fi wace. Tela yana da ra'ayi, mai tsire yana da ra'ayi, har da mai wankin mota wanda bai taɓa harbin ko ƙadangare ba. Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa. In muryoyi suka yi sama sai a juya wajen Babana, shi ne alƙali, domin shi kaɗai ne a cikinsu hannunsa yake taɓa bindiga.

Baba ɗan maharba ne. Daga wani ƙauye a bakin dajin Rugu ya taso yana saurayi, ya biyo hanyar ƙasa ta Sudan, ya sauke farali, sai ya manta hanyar komawa kamar yadda da yawa suka manta. Ya daɗe yana wasan ɓuya da masu kame kafin Allah ya haɗa shi da wani attajiri mai sayar da yadi a kasuwar Bab Makka. Mutumin ya tsaya masa kafili, wato ubangidan da yake lamunce wa baƙo, ya yi masa iƙama, takardar izinin zama, ya ba shi gadin sito. Ammi muke ce wa attajirin, wato baffa, har shi Baba da ya girme shi nesa ba kusa ba. Ni ma da na kawo ƙarfi a hannunsa na samu tawa takardar, ina tuƙa masa motar kaya. Inna kuwa a jikin iƙamar Baba take rataye, in tasa ta faɗi su biyu ne za su faɗi.

Ba gadi ne ya haɗa jinin Baba da Ammi ba, farauta ce. Allah ya ba Ammi dukiya, ya ba shi son daji, sai ya hana shi saiti. Mutum ne da in ya auna tsauni zai iya kuskure shi. Yana da wata tsohuwar bindiga da ya gada wurin mahaifinsa, irin mai lanƙwasasshen ƙarfe a ƙarƙashi, a bayan kunama. In ka tura ƙarfen gaba ka dawo da shi, sai ta tofar da kwanso ta ɗauki sabon harsashi da kanta. Baba, wanda ya girma da harba-ka-ruga, ranar da ya fara ganin wannan dabara ya ce lalle Nasara bai kwana ba. Shi ya raɗa mata suna mai hannun buta, sunan ya bi irinta duka a unguwarmu. In sanyi ya shigo, ranar Alhamis sukan fita bayan gari. Baba ya harbo zomaye, Ammi ya ɗauko su ya kai majalisar abokansa ya ba da labarin yadda aka yi. An daɗe a kan wannan rabon aiki, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya yi ƙorafi ba.

Shekarun Baba a Hijaz sun fi nawa a duniya, amma Larabcinsa bai cika cokali ba: yalla, halas, tayyib, mafi mushkila, wato mu je, shi ke nan, to, ba matsala. In an yi masa tsiya sai ya ce shi ibada ce ta kawo shi, ba hira ba. Saboda haka duk fita ni ne direba, ni ne tafinta.

Abin da majalisar gindin katanga ba ta sani ba, Ammi ma bai sani ba, shi ne idon Baba ya kama hanya. Inna ce ta fara lura, ranar da ya tsiyaya shayi a gefen kofi ya ce kofin ne ya matsa. Ni kuma na gan shi a sito ya yi wa dilar yadi sallama, da ba ta amsa ba ya ce mutanen zamani ba su da tarbiyya. Muka ce a je asibiti, ya ce ko kusa. Asibiti takarda ce, takarda kuwa hannun kafili take ƙarewa, kuma mai gadi ido ake saya a wurinsa. In Ammi ya ji, ranar sabunta iƙama sai a ce an gode. Baba ba albashin yake tsoron rasawa ba. Burinsa guda ne, ya sha faɗa mana: a nan yake so a binne shi, kusa da Ɗakin Allah, ba a ƙauyen da duk wanda ya san shi ya riga shi kwantawa ba.

Sai muka zama 'yan wasan kwaikwayo, mu uku. Da safe in raka shi sito, hannunsa a kafaɗata, mutanen Bab Makka suna cewa dubi uba da ɗa, Allah ya ba mu irin wannan. Ya haddace ƙarar takalmin kowa. Ya san tarin Ammi tun daga bakin layi, kafin ya iso ya miƙe ya gyara hula. Sito kuma dai babu wanda ya taɓa yunƙurin yi wa sata, ɓarayin Jidda sun fi mu sanin cewa yadin Ammi ba ya tafiya a kasuwa.

Ana cikin haka tsohuwar bindigar ta karye. Wani ɗan ƙarfe ne a cikinta ya gaji ya tsinke, aka zaga gari ba a samu irinsa ba. Na yi hamdala a zuciyata, na ce Allah ya rufa mana asiri, an daina fita. Ashe ban san masu kuɗi ba. Ba a jima ba Ammi ya kira ni ofis, ya buɗe wani dogon kwali, ga sabuwar mai hannun buta tana ƙyalli, ƙotarta sumul kamar ƙofar kabad ɗin amarya. Ya ce ranar Alhamis Hajji zai gwada ta, ya faɗa masa ko ta ci kuɗinta. Hajji yake ce wa Baba.

To, dama Baba yana da fatawa a kan sabon abu. A wurinsa duk abin da aka ƙera bayan ya bar gida jabu ne: sabuwar buta, sabon takalmi, sabon limami. Game da bindiga kuwa karatun ya fi tsawo. Na da, in ji shi, mutum ne ya zauna ya goge ƙarfe da hannunsa, yana tsoron a zagi uban gidansa. Na yanzu inji ne yake tofo su kamar taliya, a shafa musu mai su yi ƙyalli, a sayar wa wanda ido ya yi wa yawa. Majalisa ta haddace wannan karatu. Ban taɓa tunanin wata rana shi ne zai zama garkuwarmu ba.

Ranar Alhamis muka fita, muka bar kwalta, muka tsaya a wani fili mai duwatsu da 'yan ƙayoyi. Na ɗora gwangwanin man girki a kan dutse, na dawo. Ammi ya fara, ya harba sau da dama, gwangwani yana zaune lafiya kamar an ba shi laya. Sai ya miƙa wa Baba. Na matso kusa da shi na hau magana ƙasa-ƙasa da Hausa: “Dama kaɗan, Baba. Ka yi yawa. Dawo. Ɗaga baki.” Ammi ya tambaye ni me nake karantawa, na ce addu'ar maharba ce ta ƙasarmu. Ya ɗaga hannu ya ce amin.

Baba ya harba. Ƙura ta tashi can gefe, wajen da ko akuya aka ɗaure za ta tsira. Ya sake, ƙura ta tashi a ɗaya gefen. Na saci kallon Baba. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya sauke bindigar, ya shafa bakinta, ya girgiza kai irin na likitan da ya ga abin da ya fi ƙarfinsa.

“Makauniya ce,” ya ce.

A bakin maharban ƙasarsu, bindigar da ba ta kai harsashi inda aka aike shi ita ce makauniya. Na sha jin kalmar a labaransa, amma ban taɓa jin ta ta yi nauyi kamar ranar ba. Na dube shi, fuskarsa ko gezau.

“Esh yigul?” in ji Ammi, wato me yake cewa.

Na ce, “Ya ce amya ce, ya Ammi. Ba ta gani.”

Ban taɓa ganin mutum ya ji an kushe kayansa ya yi murna irin ta Ammi ba. Ya tafa hannu, ya ce wallahi tun harbin farko ya ji a jikinsa, ya ce shi ya san hannunsa. Ya maimaita kalmar yana dariya, amya, amya, kamar an ba shi kyauta. Ranar Asabar ya mayar wa mai kantin bindigogin da kayansa, har da faɗa.

Tsakanina da Allah, ban san laifin bindigar nan ba. Hannunta yana da ɗan tauri, kamar na kowane sabon abu, ƙyallin kuma ya yi yawa, iyakar abin da zan iya shaida ke nan. Amma kafin mako ya zagayo labari ya gama Ammariyya: sababbin masu hannun buta makafi ne, Baba ya gwada. Tela ya ce dama ya faɗa. Mai tsire ya ce ƙarfen gwangwani ake narkawa. Wani yaron shago ya yi ƙarfin halin cewa ko dai saiti ne ba a gyara ba, aka taso masa, aka ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ina zaune ina kurɓar shayi, Baba yana gefena yana laluben kofinsa da yatsa.

Mai kantin ya ba Ammi wata a madadin ta farko, ya rantse wannan babu kamarta. Ita kam Allah ya isa tsakaninta da wanda ya ƙera ta. Tsakanin katako da ƙarfe akwai tsagar da ƙwayar shinkafa za ta shige. Hannun yana kuka kamar ƙofar langa-langa. Da muka je fili, Baba ya tura shi gaba ya dawo da shi, sai ta cije harsashi a maƙogwaro, ba ta haɗiye ba, ba ta tofar ba. Ko harbi ɗaya ba a yi ba. Baba ya miƙe tsaye ya yi huɗuba, ina fassarawa har na gaji na koma taƙaitawa. Ya sa yatsan Ammi a tsagar, ya sa shi ya saurari kukan hannun, ya ce wannan ba makauniya ba ce kawai, gurguwa ce. Ranar gaskiya yake faɗa tsantsa, kuma na ga yadda ta yi masa daɗi a baki. Da muka koma gida ya cinye tuwonsa ya nemi ƙari. Inna ta soya ƙosai ta raba wa yaran layi sadaka, ta ce Allah ya ƙara wa masu ƙera bindiga ha'inci.

Mun ɗauka an gama. Duk mai hankali zai haƙura a nan, amma Ammi ya riga ya zama masani. A majalisar abokansa yanzu shi ne mai bayanin bambancin ƙirar da da ta yanzu, da kalmomin Baba, da fassarata. Masani kuwa ba ya zama babu bindiga. Ya ce wa mai kantin ba ya son na kan kanta, a yi masa odar wata daga wani kamfani daban, ko nawa ce. Aka yi watanni ana jira. A cikin watannin nan ɗan hasken da ya rage wa Baba ya ƙara ja baya, lokacin sabunta iƙamarsa kuma ya matso.

Da sanyi ya dawo bindiga ta iso. Daren Laraba Inna ta zaunar da mu kamar masu shirin shiga kotu.

“Malam,” ta ce wa Baba, “ba wani dogon zance. Ka harba, ka ce makauniya ce, ka dawo mana gida. In an buga hatimi a takarda, sai ka yabi duk wadda ka ga dama.”

“Na ji,” in ji Baba.

“Kai kuma,” ta juyo kaina, “ko me ya faɗa, abin da za ka juya ka sani.”

Na ce na sani.

Wannan ta ukun ba ta da ƙyalli. Da Ammi ya zare ta daga kwali har na ga ransa ya ɗan ɓaci, don a ido ba ta kai ta farko ba. Katakon duhu ne, an shafe shi da mai kawai, ƙarfen baƙi ne mai kama da shuɗi. Ammi bai ma gwada ba, ya ce masani ya fara. Ya ɗora ta a hannun Baba.

Baba ya karɓa da shirin raini, na ga bakinsa har ya fara taɓewa. Ya bi ƙotar da tafin hannu. Ya kai babban yatsa inda katako ya haɗu da ƙarfe, yana neman tsaga, ya bi ya dawo, ya sake bi. Ya juya ta ya nemi ta ɗaya gefen. Sannan ya tura hannun gaba ya dawo da shi. Ni ba maharbi ba ne, amma na ji ƙarar: taƙ-taƙ, gajeriya, a tsabtace, babu kuka babu gurzawa. Baba ya tsaya cak. Ya sake turawa, a hankali wannan karon, ya kara kunnensa. Ya ɗaga ta ya kai kafaɗa, ta zauna kamar an auna shi kafin a sassaƙa ta. Ya sauke, ya sake ɗagawa. Taɓewar bakin nan ta tafi, wani abu ya maye gurbinta wanda rabona da ganinsa a fuskarsa tun ina yaro.

“Ashe har yanzu akwai masu tsoron Allah a cikinsu,” ya faɗa a hankali, ba da ni yake ba.

“Esh yigul?” in ji Ammi.

Na ce, “Bismilla yake yi.”

Na sa harsashi, na koma gefensa na hau addu'ar maharba. Dama kaɗan, ɗaga baki, tsaya nan. Ya harba. Ƙura ta tashi nesa da gwangwani. Ya tura hannun, kwanso ya yi tsalle ya faɗi a kan dutse, ya sake harbawa. Babu. Ya yi na uku, shi ma babu. Ya sauke ta ya riƙe a ƙirji.

Ammi da kansa ya buɗe mana ƙofa. Ya dafa kafaɗar Baba, da muryar wanda ya riga ya san amsa, har da ɗan alfahari, ya ce, “Amya, ya Hajji? Ita ma?”

Kalma ɗaya ake nema, kuma ko ita ba sai Baba ya furta ba, gyaɗa kai ya isa. Na buɗe baki zan ce aiwa, wato e, sai na ji hannunsa ya damƙi damtsena, damƙar da ban san yana da sauran ƙarfinta ba.

“Rufe mini baki,” ya ce.

“Baba, Inna ta ce…”

“Na ce ka rufe mini baki. Ba da kai zan yi ba.”

Ya juya wajen da yake jin numfashin Ammi, ya tattaro ɗan Larabcin da ya tara tun zuwansa ƙasar, ya ce, “La, ya Ammi. Bundugiyya tamam.” Wato a'a, bindiga lafiyarta ƙalau. Ya bugi ƙirjinsa. “Ana amya.”

Ga inda abin yake. A Larabci amya mace ake ce wa, namiji a'ama ne. Baba bai taɓa jin ta namijin ba. A bakina ya koyi kalmar, kuma a kan bindiga ya koye ta. Saboda haka abin da dattijon nan mai furfura ya tsaya a tsakiyar fili ya shelanta shi ne: ni ce makauniya. Ammi ya fashe da dariya har yana riƙe ciki, ya ɗauka barkwanci ne. Ya dube ni don mu yi tare, ya ga ba na dariya. Sai tasa ta tsinke. Ya matso, ya ɗaga hannu ya kaɗa a gaban fuskar Baba, kamar mai korar ƙuda. Baba bai ƙifta ba. Na yi wa Ammi aiki shekara da shekaru, ya zage ni, ya rage mini albashi, ban taɓa jin na tsane shi ba sai a kan wannan kaɗa hannun.

Muka kama hanyar gida. Baba yana baya, bindigar tana kan cinyarsa, babu wanda ya tuna ya karɓe ta sai da muka shigo gari.

Inna ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta saurare ni har na gama, ta dubi Baba, ta ce, “Ƙarfe, Malam? Saboda ƙarfe?” Ta tashi ta shiga ɗaki.

Kada in ci amanar Ammi, bai yi mana wulaƙanci ba. Da ma ya yi, da na samu inda zan ajiye fushina. Shi ya ɗauki Baba a motarsa ya kai shi wurin likitan ido, ya biya komai. Likita ya haska, ya ce ba yana ba ce da za a kankare, jijiyar ce ta mutu, an zo a makare. Bayan kwana biyu Ammi ya kira ni ofis, ya sa aka kawo mini shayi, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce ya kasa barci. Ya ce haramun ne a gare shi ya riƙe tsoho makaho a ƙasar da ba tasa ba, yana gadin yadi, alhali yana da dangi da ƙasa. Ya ce zai yi masa tikiti shi da Inna, ya ba shi abin da zai riƙe kansa, ya je ya huta a cikin 'yan'uwansa. Idonsa har ya kawo ruwa don tausayin kansa da kansa.

Na ce, “Ya Ammi, ba shi da kowa a can. Nan ne gidansa. A nan yake so ya mutu.”

Ya ce kowa haka yake faɗa, amma babu abin da ya kai ƙasar mutum. Na roƙe shi ya bar sunan a takarda kawai, ko ba albashi, ni zan ci da su. Ya ce gurbin mai gadi ɗaya aka ba shi, kuma sito yana bukatar mai ido. Na nemi a mayar da su ƙarƙashin tawa iƙamar, aka ce direban kaya ba ya ɗaukar iyaye. Ammi ya rungume ni a bakin ƙofa ya ce halas, in bar wa Allah.

Saura hanya ɗaya, wadda rabin unguwarmu suke kai: a bar takarda ta mutu, mutum ya lafe a lungu. Inna ta kawo shawarar, maƙwabta suka ce za su rufa. Baba ya ce ya yi wannan rayuwar lokacin yana da ido da ƙafa, ya san yadda ake tsallake katanga in motar masu kame ta shigo layi. Yanzu wa zai bi? Ya ce ba zai bari a ja shi a ƙasa gaban jikokin mutane ba, gara ya fita ta ƙofa da rigarsa.

A majalisa kuwa babu abin da ya canja. Na gaya musu da bakina cewa ta ukun lafiyarta ƙalau, Baba da kansa ya yabe ta. Tela ya ce ai tsufa ne, hankalin dattijo ya fara raurawa. Har na bar zama a wurin suna nan a kan cewa sababbi makafi ne, kuma hujjarsu Baba.

Ammi ya yi rawar gani wajen sallama. Ya ɗinka wa Baba farar jallabiya, ya ba Inna turamen yadi daga cikin waɗanda suka ƙi tafiya, ya haɗa su da dabino da jarkar zamzam. Ya sumbaci goshin Baba ya ce ba zai taɓa samun amintacce kamarsa ba. Baba ya ce shukran, ya ce tayyib, ya ce mafi mushkila. Larabcin ya ƙare ke nan.

Ni na kai su filin jirgi. Muna zaune muna jiran a kira su, Inna ta tafi neman ruwa, sai na kasa riƙe abin da yake cina. Ina jin haushinsa, haushi na gaske, irin wanda ake ji wa wanda ake so.

“Baba,” na ce, “sau biyu ka faɗa babu abin da ya same ka. Ta farkon ma ba ta yi maka komai ba. Me ya hana ka ƙara ɗaya? Mako nawa ya rage a buga hatimin?”

Ya ci gaba da murza carbi.

“Ta farkon ina neman gafarar Allah a kanta,” ya ce. “Amma ita ban san ta ba, ko gaisawa ba mu yi ba.” Ya juyo da fuskarsa wajena, ta ɗan kauce kaɗan, yana kallon kafaɗata. “Wannan ta ƙarshen, ka taɓa ta kuwa?”

Na ce harsashi kawai na sa mata.

“Shi ya sa,” ya ce. “Wani bawan Allah ne can, ban san garinsu ba, ban san addininsa ba, ya zauna ya yi aikinsa babu ha'inci, bai san hannun wa za ta faɗa ba. Ta zo hannuna. Ni ne kaɗai a wurin nan da zan iya shaidarsa. Sai in ce ƙarya ya yi?”

Na ce, “To ga shi shaidar ta raba ka da kabarin da kake so.”

“Ta raba ni,” ya ce.

Aka kira jirginsu. Inna ta dawo, ta ɗauki jakar hannu. Baba ya miƙe ya laluba kafaɗata kamar kullum, muka taka tare har inda ma'aikaci ya ce iyakar masu rakiya ke nan. Na cire hannunsa daga kafaɗata na ɗora a ta Inna. Ta fi ni gajarta sosai, sai da ya ɗan sunkuya. A haka suka shige, tana gaba yana biye, tana gaya masa inda zai sa ƙafa.

Damina biyu ya yi a can. Saƙon rasuwarsa ya iso ni a bakin wani mahajjaci, bayan an yi arba'in.